Ragowar Kafso da Hannun Taubashina

A ƙofar gidanmu a Kalgo, bayan sallar magariba ake ciyayya. Kowane magidanci a layin yakan sa a fito masa da kwanon tuwonsa, a shimfiɗa tabarma, a jera kwanuka, a riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Tun ina saurayi nake zama a kan wannan tabarma, kuma shekara da shekaru ban tashi a ƙoshe ba. Tuwo kam akwai shi. Allah ne dai ya haɗa ni kwano da taubashina.

Ɗan Goggo ne, ƙanwar mahaifina da ta yi aure a Gwandu. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka bawana nake kiransa, shi kuma ya ce bai taɓa ganin ubangidan da iska ke iya kayarwa ba. Tsakanin taubasai babu kunya, babu fushi. Maganar da za ka faɗa wa wani a kai ka gaban mai unguwa, taubashi ka faɗa masa a yi dariya a wuce. Noman rani ne ya kawo shi Kalgo. Baba ya ba shi gonar shinkafa a fadama ta wajen Wurogauri, ya yi aure, ya kama gida jikin namu, ya kuma kama wurin zama a damata a kan tabarma.

Hannun damansa abin kallo ne, faffaɗa, mai kauri, duk kanta. Lomarsa ɗaya ukun mutum ce. Yana iya kallon Baba ido cikin ido yana yi masa bayanin tsadar taki, hannun nan kuwa yana can ƙasan miya yana aikinsa shi kaɗai, sai dai ka ga tsokar da ka daɗe kana lallaɓowa wajenka ta yi sama. Nakan ce Allah ya kawo ranar da hannun nan zai tafi hutu, shi kuma ya ce amin, ranar da na yi ƙiba.

A tabarmar nan ana yafe wa mutum abubuwa da yawa. Ana yafe santi, ana yafe zuwa da kwano rabi, ana yafe miyar da gishiri ya yi wa yawa. Abu ɗaya ne ba a yafewa: hagu ba ta shiga kwanon jama'a. Cokali ma ba ya shiga. Wanda damarsa ba ta aiki, sai a zuba masa nasa daban ya koma gefe.

Shekarar da abin ya faru, rani ya yi nisa, ruwan tafkin da taubashina yake ja da inji ya ja baya. Ya shiga gyara bakin tiyo, sai ya ga ƙurungu yana motsi cikin taɓo. Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san ba a damƙar ƙurungu da hannu, domin da ya ji an taɓa shi sai ya miƙe ƙayoyinsa ya kafe su. Amma taubashina ɗan tudu ne, kuma ya ga nama. Ya kai cafka. Ƙaya ta shige gindin manuninsa na dama. Ya zare ta da haƙori, ya wanke yatsan da ruwan tafkin, ya hura wuta a bakin gona ya gasa kifin ya cinye. Da yamma ya zo tabarma da yatsa ɗaure da tsumma yana bugun ƙirji.

“Shi yas soke ni, ni ko nic cinye shi,” in ji shi. “Ku hwaɗa min wa yaf fi wani.”

Kafin ya fito ya riga ya yi wa kansa magani. Ya buɗe kafso ja da yalo ya barbaɗa garin a kan raunin, ya haɗiye wani da ruwa. Ba wanda ya ga abin magana, domin mu mutanen kafso ne. Mura, kafso. Gudawa, kafso. Mutum ya wuce ƙa'ida a naman Sallah, kafso. Kaji sun fara gyangyaɗi, a buɗe a zuba musu a ruwa. Ana sayar da shi a kemis, ana sayar da shi a faranti ranar kasuwa rana na dukansa, mai sayarwa ya tambaye ka launin da kake so kamar ka zo sayen zare. Goggo kuwa, ko lafiya lau ake, da zarar ruwan farko ya sauka sai ta buɗe 'yan kaɗan ta juye cikin kunun gida, wai rigakafi ya fi magani. Da irin wannan kunun taubashina ya girma.

Sai dai akwai ƙa'ida guda da kowa ke kiyayewa: ba a shanyewa. In ma'aikacin asibiti ya ce ka sha har ya ƙare, sai ka ce to, ka sha har ka ji sauƙi, sauran ka ƙulle a leda ka jefa cikin kwalla saboda gaba. Taubashina har hujja gare shi.

“Wanda yaƙ ƙoshi shina ci gaba da ci?” in ji shi.

Na ce masa kai dai kana yi.

Yatsa bai ji ja da yalo ba. Ya koma ja da baƙi, yatsa bai san ana yi ba. Wani ya ce a huda lemun tsami a zuba garin kafso a ciki a cusa yatsan, ya yi haka, yana yawo da lemo a hannu yara na binsa da kallo. Yatsan ya kumbura ya yi kaurin rogo, ya fara fitar da mugunya, har ya fara wari. A tabarma sai ya riƙa ɗaga shi sama yana yanko tuwo da sauran, yana cije leɓe, mu kuma muna yi kamar hancinmu ya toshe. Baba ne ya gaji. Shi ne kawunsa, shi ke da bakin faɗa, kuma a hankali ya faɗa.

“Ɗan ga, a zuba maka naka daban har hannun ga shi warke. Gobe kuma ka tahi asibiti.”

Matarsa ta aiko da ƙaramin kwano da cokali. Ya koma bakin tabarma ya ba mu rabin baya, ya riƙe cokalin da hagu, miya na zubar masa a riga. Ranar nan na ci nama har da lashe yatsa da ƙarfi don ya ji. Washegari da safe matarsa ta ce ya hau mota ya tafi Gwandu, wai jinya sai ɗakin uwa. Maganar asibiti kuwa ya ce wa Baba to, irin to ɗin da muke ce wa ma'aikatan asibitin.

Da aka kwana biyu ba labari mai daɗi, Baba ya ce in je in dubo shi. Na sayi balangu a tasha, mai kitse, aka naɗe min a takarda, na kama hanya.

A danginmu na Gwandu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wani ya kawo fura, wani ya kawo lemo, amma kyautar da ta fi kowace daraja ita ce ragowar maganin da ya warkar da kai. Tunda ba mai shanye nasa, kowa yana da abin kawowa. Mai dubiya zai zauna, ya yi sannu, ya kwance ƙullin ledarsa, ya ba da tarihin ciwon da ya yi tun daga ranar da ya fara har ranar da wannan kafson ya tashe shi, sannan ya miƙa. Mai jinya kuma dole ya haɗiye a gabansa a ce Allah ya sa a dace. In ka ce a ajiye sai an jima, ka nuna ba ka yarda da hannunsa ba ke nan, kuma zumunci ya sha mutuwa a kan abin da bai kai wannan ba.

Na samu taubashina kwance a zauren Goggo, an ɗora hannun a kan matashi, takalman 'yan dubiya sun cika ƙofa. A gabana wata tsohuwa daga Ceberu ta ba shi wanda ya warkar da kunnen jikanyarta. Wani maƙwabci ya sunkuya ya raɗa masa sunan ciwon da nasa ya yi wa magani, bai so a ji ba. Wani malamin makaranta ya kawo fari mai tsaga a tsakiya, ya ce tun bara waccan aka ba shi a birni, amma mai ƙarfi ne, shi ya sa ya adana. Taubashina yana buɗe baki yana haɗiyewa yana godiya. Na safe daban, na hantsi daban, na azahar daban, ba wanda ya samu ɗan'uwansa ya biyo bayansa. Goggo tana shiga tana fita da kofin ruwa, fuskarta cike da damuwa, amma ƙasan damuwar akwai alfahari.

“Ka gani ko?” ta ce da ni. “Ɗana na da jama'a.”

Wanzami ya riga ya zo ya yi masa sakiya, ya huda kumburin mugunya ta fita, ta sake taruwa. Goggo ce ke wanke tsumman ɗaurin, ga shi maruru ya fito mata a damtse, ita ma ta shiga sahun masu haɗiya. Da ta kwance ɗaurin don in gani, sai na sunkuya na duba. Yatsan ya yi baƙi. Kumburi ya cinye tafin hannun, ya haye wuyan hannu, fatar tana ƙyalli, zafinta kuwa tun kafin ka taɓa kake jin sa. Kaluluwa ta fito masa a hammata. Jikinsa na rawa a tsakiyar zafin rana.

Na daure na fito da balangu na kwance takardar a ƙarƙashin hancinsa.

“Bawa, tashi ka ga abin da ubangidanka za shi ci shi bar ka da ƙamshi.”

Ya dubi naman, ya dube ni, ya juya fuskarsa bango.

“Ci abinka,” in ji shi.

A nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Baƙin yatsa bai firgita ni kamar wannan maganar ba. Tun muna yara ban taɓa ganin nama ya zo gabansa ya koma ba.

Ana cikin haka sai ga Baffa, wan mahaifinsa. Mahaifin ya daɗe da rasuwa, Baffa ne babba a gidan, makiyayi ne da ke zaune da shanunsa a wajen Masama. Ya jingine sandarsa, ya yi sannu, ya zura hannu a aljihun riga ya fito da wata kwalba mai ruwan ƙasa da sirinji mai kaurin kara. A jikin kwalbar hoton saniya ne.

“Ku bar waɗanga ƙananan abubuwa,” in ji shi. “Wagga ita tat tada bijimina da yak kwanta, kowa ya hidda rai. In ta tada bijimi, mi ne ɗan yatsa? Bari in sha hura in yi la'asar, sai a kama min shi.”

Zaure ya amsa da madalla. Na dubi Goggo, ta sunkuyar da kai, domin ba ta musu da wan mijinta. Na dubi taubashina, ya rufe ido. Ni ma ba ni da bakin da zan ce wa Baffa a'a, yaro ne ni a gabansa, kuma baƙo a gidan. Amma akwai mutum ɗaya a zauren nan da al'ada ta ba ni izinin in yi wa duk rashin mutuncin da na ga dama. Na sulale na koma tasha na samo mota. Da na dawo Baffa ya idar da salla yana goge allura da bakin rawaninsa. Na durƙusa a gabansa na cire hula.

“Baffa, a gahwarce ni. Bawan ga nawa na, kowa nan ya sani. Na bar ku da shi kun lalata min kaya. Za ni kai shi Birnin Kebbi in saishe shi tun da sauran numhwashi, kada in yi asara duka.”

Sai tsohuwar Ceberu ta fara ƙyalƙyala, zaure ya ɗauka. Baffa ma ya dara har haƙoran goronsa suka fito.

“Wa ka sayen wanga, ja'iri?”

“Ko mahauta, Baffa. Akwai tsoka jikinai.”

Ana dariya na kira direba muka ciccibe shi. Ba wanda aka ce wa maganinsa bai yi ba, ba wanda aka kunyata, wasan taubasai ne kawai ya yi tsawo har ya kai bakin mota. Goggo ta biyo ni da zagi, ta ce ɗan nema, mai wuya kamar na zalɓe. Amma da na buɗe ƙofar baya sai na ga ta riga ta sa mayafi, ga filas ɗin kunu a hannunta, ta shige ta zauna ta ɗora kan ɗanta a cinya.

Likitar da ta karɓe mu a asibiti wata 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta duba hannun ta daɗe, sannan ta tambayi wane magani ya sha. Goggo ta kwance bakin mayafinta ta zazzage a kan tebur. Ja da yalo, ja da baƙi, fari, shuɗi, wasu a leda, wasu tsirara, suka gangara har ƙasa.

“Wanne daga ciki, Inna?”

“Duka, ɗiyata. Ba mu raina na kowa ba.”

Likita ta cire tabarau ta goge ta mayar. Aka ba shi gado, aka sa masa ƙarin ruwa, aka fara allura. Zazzaɓi bai sauka ba. Ta ce sun ɗebi mugunyar an kai ɗakin gwaji za a shuka ta a ga abin da zai fito. Taubashina, da ko sannu ba ya iya amsawa, ya buɗe ido ɗaya.

“Mugunya aka shukawa nan garin?”

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, in ta yi yabanya ni ke da amfanin, tunda gonar bawana ce.

Bayan 'yan kwanaki ta zo da hoto a wayarta ta nuna mana. Wani ɗan faranti ne, an jera ƙananan farare kamar maɓallan riga a kai. Ta ce kowane maɓalli magani ne daban, abin da ya lulluɓe farantin kuma ƙwayoyin cutar da ke hannunsa ne. Inda magani ke aiki, za a ga fili kewaye da maɓallin, cutar ta kasa matsowa. Muka sa ido muna neman fili. Abin nan ya tsiro ya rufe ko'ina, har jikin maɓallan yake hawa. Guda ɗaya ne kawai a gefe ke da ɗan fili kewaye da shi.

“Wagga gona ta yi kyau,” in ji taubashina a hankali. “Ba ko gurbi.”

Likita ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi ko yana feshin ƙwari a shinkafarsa, ya ce sosai. Ta ce to, in mutum ya tsinka maganin da ruwa fiye da ƙima, ya fesa rabin gona ya ajiye, me ke faruwa?

“Raggagen su mutu, masu taurin kai su saura, su hayayyahwa. Baɗi ko gwangwani guda ka juye musu, wanka su kai da shi.”

Ta ce ya ba kansa amsa. Ta ce ba jikinsa ne ya saba da magani ba, ƙwayoyin cutar ne suka saba, an yi ta ɗanɗana musu kaɗan-kaɗan har suka san kan kowane. Kuma ba lallai a jikinsa kaɗai suka yi wannan karatun ba. Suna bin hannu, suna bin tsumma, suna bin ruwa, suna fita daga kaji da shanu su shiga mutane, wanda bai taɓa haɗiyar kafso ba ma yana iya gamuwa da waɗanda wani ya horar. Ta sa aka duba marurun Goggo a ranar. Sannan ta nuna maɓallin nan guda ta ce shi ya rage, ta jijiya ake ba da shi, kuma sai an kai ƙarshensa. In kumburin ya tsaya, to. In ya ci gaba da hawa, za a cire hannun don a tsirar da ran.

Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A kan ɗan'uwa suke faɗa, na sani, ni ma na sha faɗa. Amma ranar nan da maganar ta faɗo min a rai sai na ji na tsane ta. Na zaci taubashina zai tambayi yadda zai riƙe lauje, ko yadda zai ja igiyar inji. Sai ya juyo ya dubi likita.

“Likita, in anka cire, da mi za ni ci?”

Ta ce mutane na sabawa da hagu, akwai kuma cokali. Amsar gaskiya ta ba shi, ba ta san tabarmarmu ba. Ni na san abin da yake gani: ƙaramin kwano a gefe, har ƙarshen rayuwarsa.

Wata ma'aikaciyar jinya ta zo da biro ta zana layi a damtsensa daidai inda kumburin ya tsaya. Daga ranar layin nan ya zama abin kallonmu. Da safe kafin a gaisa sai an duba shi. Washegari kumburin ya haye layin da faɗin yatsa, ta zana wani a sama.

Goggo ta kasa zama ta zuba ido. A ganinta ruwa ne kawai ke ɗiga daga leda, ba launi, ba ɗaci, ina maganin yake? Da rana ta zuba masa kunu a kofi ta kai bakinsa. Na lura kunun ya yi wani rawaya-rawaya, amma kafin in yi magana ya kurɓa, ya tsaya. Ɗanɗanon da ya tashi da shi ne, ba zai ɓace masa ba. Ya tofar a kwano.

“Inna, ki yi haƙuri. Ba ni sha.”

“Ni ka ce ma haka? Da hannuna nid dama.”

“Na sani, Inna. Ba ni sha.”

Bai taɓa mayar mata da abin da ta miƙa masa ba sai ranar. Ta ajiye kofin ta fita. Na same ta a gindin wata bishiyar dogon yaro tana share ido da bakin mayafi. Na zauna kusa da ita na ce ta kwantar da hankalinta, ni ma ba na so ya mutu, ban samu mai saye ba tukuna. Ta kai min duka a kafaɗa, sannan ta kwance ɗan ƙullin kafson da ya rage a mayafin ta damƙa min, ta ce in kai wa 'yar tabarau ta san yadda za ta yi da shi.

Kumburin ya tsaya a layi na biyu. Ya yini a nan, ya kwana a nan, kamar mai shawara. Sannan wata safiya muka ga fatar da ke ƙasan layin ta fara yamutsewa. Zazzaɓi ya sauka. Da azahar ya tambaye ni, da wata ƙaramar murya, ko balangun nan na ranar yana nan. Na fita waje na yi hamdala inda ba zai gan ni ba.

Hannu ya tsira, amma ba duka ba. Manunin ya riga ya mutu, aka cire shi da ɗan yankin tafin da ke gindinsa. Na tsakiya kuma ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Da ya ji ƙarfi sai tsohon halinsa ya motsa, ya ce ya warke, a cire masa allurar nan ya tafi ya duba shinkafarsa. Likita ta ce da saura. Ban yi gardama da shi ba, na kwashe takalmansa da wandonsa da hularsa na kai wa wani mai shayi a bakin asibiti ajiya. Ya zage ni, ya zagi wuyana, ya ce Allah ya isa, amma ya kwanta a zanen Goggo har aka ɗiga masa ɗigon ƙarshe.

Da muka dawo Kalgo an riga an yi gayya an yanke masa shinkafa. Ya shige gida ya ƙi fitowa ciyayya. Matarsa ta ce a ɗaki yake ci, ya rufe ƙofa, ko ita ba ya bari ta gani. Baba ya bar shi har ɗinkin ya warke sarai, sannan wata magariba ya aika a ce masa ana jiransa, ba za a buɗe kwano ba sai ya zo.

Ya zo. Ya zauna a damata. Ya daɗe yana wanke hannu. Nan take kowa ya samu abin faɗa a kan farashin man inji, ba mai kallon kowa. Aka buɗe kwanon gidanmu, tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, ga nama. Ya sa hannu. Ya yanko tuwon, babban yatsa ya tafi neman abokin aikinsa bai same shi ba, lomar ta wargaje. Ya sake haɗawa, ya tsoma a miya, kafin ta kai baki rabi ya zube a tabarma, miya ta bi wuyan hannunsa. Hirar man inji ta mutu. Wani maƙwabcinmu, mutumin kirki, ya sa yatsa ya tura tsoka gabansa. Wani ma ya tura. Kafin ka ce me, duk naman kwanon ya taru a gefensa, ba wanda ya taɓa ko ɗaya.

Ya dubi naman. Ya janye hannunsa a hankali ya fara share shi da bakin kwano.

“Alhamdu lillahi,” in ji shi. “Na ƙoshi.”

Na san in ya tashi daga tabarmar nan ba zai sake dawowa ba. Na miƙa hannu ta gabansa na ɗauke tsokar da ta fi kowace girma, na jefa a baki, na tauna da ƙarfi har da lumshe ido.

“Allah mai iko,” na ce. “Yatsa huɗu sunka rage, ɗaya kuma ya zama hakimi, ba shi sunkuyawa. Jama'a, ku ci nama, mulkin zalunci ya ƙare.”

Baba ya watso min harara. Maƙwabcin nan ya ce haba, haba. Ban kula su ba, na sake kai hannu kan tsoka ta biyu. Na ɗauka, amma ban kai ta baki ba. Hannun nan ya sauka a wuyan hannuna ya damƙe, na ji kaushin tabon a fatata, na ji zafi har ƙashi.

“Aje, ɗan Kawu,” in ji shi.

Na ajiye. Ya sake ni, ya kama tsokar da babban yatsa da ƙananan biyun, ya ɗago ta. Ta suɓuce ta koma cikin miya. Ya sunkuya ya bi ta. Ba wanda ya taimaka masa. Baba ya jawo kwano na gaba ya buɗe.